Rawar Idon Inna

A gidanmu na tsohon Zongo ba a taɓa yi mana zuwan bazata ba. Ba waya gare mu ba, idon Inna gare mu. Fatar idonta na dama, ta sama, ita ce mai shelar gidan. In ta soma rawa da hantsi, Inna takan ajiye abin da ke hannunta, ta ɗora yatsa a wurin kamar mai sauraron ƙwai ko ya kusa fashewa, sannan ta ce a ƙara shinkafa a tukunya. Kafin la'asar sai a ji sallama a zaure.

Ni dai an san ni da ƙara gishiri a zance, ban kuma taɓa musu ba. Miyar da ba gishiri wa zai sha? Na sha faɗa a majalisa cewa idon Inna yana bambanta baƙon Kano da na Kumasi. Na Kano rawarsa a natse take, kamar alhaji yana gyara hannun babbar riga. Na Kumasi kuwa bar-bar-bar, sai ka ce huhun goro ne ya ɓarke. Na taɓa cewa ma ranar da ya yi rawa biyu a jere tagwaye aka haifa a maƙwabta. To, wannan kam tawa ce. Sauran gaskiya ne, ko maƙwabcin gaskiya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne. 'Yan goro da 'yan tufafi in sun shigo Wagadugu a gidanmu suke sauke kaya. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen goro gauraye da na sabuwar shadda, ina ganin takalman baƙi jere a bakin ɗakuna kamar jiragen ruwa a gaɓa. Gidan yana da ƙa'ida guda. Baƙo ya shigo da sallama, a tarye shi da zom-kom, ruwan geron nan mai tsamiya da citta da muka koya wurin maƙwabtanmu Mosi. Ranar tafiya kuma ya tsaya a tsakar gida ya yi sallama, a ɗaukar masa jaka, a raka shi har bakin titi.

Mutum guda ne ya karya wannan ƙa'ida, shi kuwa ba baƙo ba ne. Kawu ne, ƙanen Inna, wanda ta goya a bayanta bayan rasuwar uwarsu. Ina saurayi ya fita wata safiya ya ce zai leƙa tasha ya dawo. Daga baya aka ce an gan shi a jirgin ƙasa mai zuwa Abijan. Labarinsa ya ɗan riƙa zuwa a bakin matafiya, yana raguwa, yana raguwa, har ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina.

Sai kuma rusau ya zo. Katafila ta bi ta kan Zongo da wani yanki na Kamsaoghin, aka watse. Wasu suka yi Dassasgho, wasu suka yi kudu, mu muka faɗa can bayan Pissy, inda tun da safe kake jin gudumar mata masu fasa dutse, ƙwas, ƙwas, kamar garin gaba ɗaya agogo ne. Mun tafi da sunan unguwa a baki, don duk inda Bahaushe ya sauke kaya nan ne Zongo. Amma Inna ba wannan ne ya dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne in Kawu ya dawo, gidan da ya sani ya zama fili, ba ƙofar da zai yi sallama, ba wanda zai tambaya. Abu guda ya rage mata da zai gaya mata ya iso: fatar idon nan.

Daga nan na samu sabon aiki. Duk ranar da idon ya yi rawa, sai a ƙara shinkafa, a kuma tura ni a moto, wato babur, in je in tsaya a tsohon wurinmu har rana ta yi sanyi. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana. Cewa take, "Kai, mai baki, rufe shagon nan ka je ka tsaya." Na tsaya a filin nan har awakin wurin suna gaishe ni. Na tsaya har wani mai gadi ya fara ce mini patron, yana zaton ni ne mai filin, na zo duba inda zan kafa bene. Ban ƙaryata shi ba. Na ma nuna masa inda za a haƙa wurin iyo.

Ana nan, sai idon ya fara ba ta wahala. Fatar ta lanƙwashe ciki, gashin idon ya juya yana gogar ƙwayar, kamar an ajiye mata tsintsiya a ciki. Mai ɗakina takan zaunar da ita a hasken tsakar gida ta cire gashin da matsefata, a samu sauƙi na ɗan lokaci, sai ya sake tsirowa da kaifi, kamar ya je an wasa shi. Hawaye ba ya tsayawa. Ta daina fitowa rana. Ta koma zama a ɗaki da labule a sake, tana gane mu da takunmu. Da na ga wani fari-fari ya fara hawa kan baƙin idon kamar gajimare, na ce to, wasa ya ƙare, na ɗauke ta sai likita.

Likitar idon yarinya ce ƙarama, Bamosiya, mai sanyin hannu. Ni kuwa ina shiga na tare ta da Faransancina na kasuwa, wanda rabinsa farashi ne rabinsa rantsuwa, don kada a raina mu. Ita ma sai ta biye mini, na zama tafinta tsakaninta da uwata. Ta duba, ta ce aiki ne ƙarami: za a kashe zafin wurin da allura, a ɗan tsaga fatar, a juyo da ita waje, a ɗinke ta yadda gashin zai kalli duniya ya bar ƙwayar ta huta. Sannan ta ce zaren iri biyu ne, mu zaɓa. Akwai wanda ke narkewa da kansa, ba sai an dawo cirewa ba. Akwai kuma wanda za a dawo bayan mako guda da 'yan kwanaki a zare shi.

Nan take zuciyata ta zaɓa. Damina ce, hanyarmu ta zama kunun jar ƙasa. Kuma wanda bai taɓa goya Inna a moto ba bai san azaba ba: kowane rami sai ta mintsine ka a haƙarƙari ta ja salati, kamar kai ka haƙa shi. Tafiya guda ta fi biyu. Sai na gyara murya, na yi abin da nake yi in atamfa ta daɗe a shago.

Na ce, "Inna, wannan na farkon zaren Nasara ne na ƙarshen zamani. Ana ɗinkawa sai ya narke kamar man shanu a tuwo mai zafi, ya bi jiki, ya zama nama, ya zama jini. Ba mai ganinsa, ba mai iya fitar da shi har abada. Riƙonsa kuwa, ko raƙumi aka ɗaure da shi ba ya ƙara motsi."

Inna ta lalubo mayafinta ta gyara, ta miƙe, ta ce mu tafi gida.

Likitar ta dube ni. Ta ce ita 'yar magana ta faɗa, ni kuma na yi huɗubar Juma'a, me na gaya wa tsohuwa? Ba ta ma jira amsata ba, ta juya harshe zuwa Mosanci, ta kira ta Yaaba, wato kaka, ta roƙe ta ta zauna. Inna a Wagadugu aka haife ta, Mosancinta ya fi na wasu Mosin. Cikin ƙiftawar ido aka sauke ni daga muƙamin tafinta, na koma mai riƙon jaka.

Ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ba gishiri ba barkono. Ta ce duk zaren biyu aiki guda suke yi, riƙe fatar kawai har nama ya kama nama, daga nan ba sauran amfaninsu. Mai narkewar ba ya zama jini, ba ya ɗaure kowa. Jiki ne ke cinye shi a hankali cikin makonni, wani lokaci da ɗan ƙaiƙayi kafin ya tafi. An fi sa wa mutanen nesa, waɗanda dawowa ke yi wa wuya. Na zarewar kuma dole a dawo a kan lokaci, in aka bar shi ya daɗe shi ne zai zama ciwo, kuma zarewar tana da ɗan tsikari. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da ta kawo ta tsaye ɗazu.

"'Yar nan, in kun ɗinke, zai ƙara rawa?"

Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Likitar ba ta yi ba. Ta ce kakarta ma a ƙauye da idonta take sanin zuwan baƙi. Ta ce a iya saninta zare ba shi da hannu a rawar ido, amma ba za ta yi alkawarin abin da ba ita ke kaɗa masa ganga ba, ko da wane zare aka yi. Abin da ta tabbata shi ne, in aka bar gashin nan yana goga, farin zai rufe idon, kuma wannan ba ya komawa.

Inna ta ce a ba ta wuri ta yi tunani. Muka fito muka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a harabar. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska mai ƙamshin ƙasa tana kaɗa mayafinta. Ina kallon ganye sai hankalina ya tafi. Na ga zaren nan da na yi wa kirari ya narke da gaske, ya gangara daga idon Inna, ya fita ta yatsan ƙafarta, ya bi kwalbati ya nufi tsakiyar gari. Ya isa filin Zongo ya fara ɗinki. Ya ɗinka katanga da katanga, ya ɗinka lungun masu rini da na masu wanki, ya ɗago zaurenmu daga ƙasa ya kafa shi kamar aljihu a jikin riga. Takalman baƙi suka dawo bakin ɗakuna. Daga nan ya miƙe ya bi layin dogo, siriri, yana sheƙi, yana ta tafiya kudu, ni kuma ina riƙe da bakinsa ina jiran in ji an ja daga can.

Ɗigon ruwa ne ya faɗo mini a hanci na dawo. Inna ta juyo da fuskarta wajena, idon a rufe yana zubar da hawayensa na kullum.

Ta ce, "Kai, mai baki. A gidanmu baƙo da sallama yake shiga, da sallama yake fita. Wanda ya narke ban san ranar fitarsa ba, na yi guda, ya ishe ni. A sa mini wanda za a zare. In gan shi, in raka shi."

Na buɗe baki zan kawo zancen taɓo da ramuka, sai na tuna wa ya goya ni kafin a ƙirƙiro moto. Na rufe.

Aikin bai daɗe ba. Ni da ke waje na fi ta shan wuya, don na zagaye mangwaron nan har ya fara jin jiri. Ta fito da bandeji a ido, tana faɗa wai allurar ba ta kai cizon kunamar da ta taɓa harbinta a rumbu ba. Washegari aka buɗe. Fatar ta kumbura, ga baƙin zare jere a kanta kamar Inna ta yi gira ta biyu. Mai ɗakina ke sa mata maganin shafawa safe da yamma, an kuma hana ta kwalli, abin da ta ce tun ranar sunanta ba a taɓa yi mata ba. Jikoki suna leƙowa suna gudu. Na gaya musu likita ta ɗinka wa kakarsu aska takwas a ido, irin ta babbar riga, in suka yi rashin ji su ma za a kai su a yi musu a baki. Inna ta ce da ni ya kamata a fara.

Ranar zarewa ruwa ya kwana yana zuba. Na sha mintsini a hanyar nan har na isa da haƙarƙari kamar allon wanki. Likitar ta kwantar da ita, ta ɗauko ɗan almakashi da matsefatarsu ta ƙarfe, tana yanka tana ja a hankali. Inna kuwa yatsun ƙafarta ne kawai ke lanƙwashewa. Da aka gama za a zubar da audugar, ta miƙa hannu ta ce a ba ta baƙinta. Likitar ta yi murmushi ta ɗora mata a tafi: 'yan guntayen baƙin zare, ba su fi ƙafar tururuwa ba. Inna ta kawo su kusa da fuska ta daɗe tana kallo. Kallo, da idon da kwanan baya ko fitila ba ya iya fuskanta.

A bakin ƙofar likitar akwai kwalbati, ruwan sama na gudu a ciki jawur. Nan ta tsaya, ta buɗe tafin hannunta. Ta ce, "To, kun yi aikinku, mun gode. Ku sauka lafiya." Ta hure su. Muka tsaya har ruwan ya sha kwana da su, kamar yadda ake tsayawa in motar baƙo ta tashi.

Gani kam ya dawo, har ya so ya yi mini yawa. Shekarun da ta yi a ɗaki ni nake ba ta labarin waje. Na gaya mata mangwaron da na shuka a ƙofar gida ya kusa kai hasumiyar masallaci. Ta fito ta same shi iya gwiwa, akuya ma ta ci rabinsa. Na gaya mata na yi wa katanga shuɗin fenti. Ta shafa bulon ta ce wannan shuɗin na masu imani ne kaɗai, su suke ganinsa. Ta ga furfurata, ta ga tumbina, ta ce ashe duk shinkafar da ake ƙarawa ga inda take zuwa.

Amma idon bai yi rawa ba. Kumburi ya saɓe, ta koma zizara kwallinta, gashin ya tsaya yana kallon waje yadda aka ce, fatar kuwa shiru kamar ɗakin da baƙo ya tashi. Da hantsi nakan gan ta zaune a tabarma, yatsa a kan ido, tana saurare. Gudumar Pissy na ta ƙwas, ƙwas. Sai ta sauke hannun ta ce a auna shinkafa daidai mutanen gida. Ba ta zargi likita ba, ba ta zarge ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na yi ta zuba mata labarai ba ta ko tanka mini da zagi. Har na fara tunanin in ce nawa idon ya gaji aikin, yana rawa, amma na san za ta dube ni da sabon idon nan ta gane.

Sai wajen ƙarshen damina, lokacin da masu gasa masara suka cika bakin titi, wata safiya ina ɗaure kaya a moto na ji ta ce a ƙara shinkafa. A hankali ta faɗa, kamar mai tsoron kada ta firgita tsuntsu. Na juyo na ga fatar tana ɗan motsi, sama-sama, kamar ganyen da ɗigon ruwa ya taɓa. Na ce to, bari in rufe zancen shago in je in tsaya. Ta ce a'a, yau da ita za a je, ta gaji da aiken makaho.

Rabonta da wurin tun ranar da muka kwashe kaya. Yanzu benaye ne masu gilashi, wasu an gama, wasu sun tsaya tsirara da ƙarafa a kai, tsakaninsu filaye cike da ciyawar damina. Na ɗauka za ta rikice. Ina! Ta sauka ta kama tafiya cikin ciyawar tana kauce wa katangun da babu su. Ta sha kwana inda lungun masu rini yake, ta ɗaga ƙafa ta tsallake kwatar gidan liman, ta ce mini in kula da rijiya. Na kuwa kauce. Ta tsaya daidai inda zaurenmu yake, wurin ya zama ma'ajiyar motoci masu ƙafa biyu, ta gyara tsayuwa tana duban hanya.

Ba ta daɗe ba ta kama hannuna. Can tsallaken titi wata tsohuwa ce zaune gaban gawayi tana gasa masara, tana fifita da hannun hagu, tana karkatar da kai gefe don hayaƙi. Inna ta ce wannan fifitar ta san ta. Ni na sha ganin matar, har na taɓa sayen masararta, amma namiji aka aike ni nema, ban taɓa duban fuskarta ba. Ashe maƙwabciyarmu ce Bamosiya, mai soya samsa, ƙosan nan nasu, a ƙofar gidanmu tun ina tatata. Ita ma rusau ya jefa ta wani gefen gari, amma kullum sai ta hau mota ta dawo nan ta kafa murhunta, don a cewarta hannunta bai iya ciniki a wata ƙasa ba.

Ba su yi ihu ba. Suka riƙe hannun juna suna jera gaisuwa, ta gida, ta gajiya, ta waɗanda suka mutu, har masara ta ƙone. Sannan Inna ta yi tambayarta. Matar ta girgiza kai ta ce bai zo ba, da ya zo da ta sani, don duk wanda ya sauka yana neman mutanen Zongo wurinta yake ƙarewa, ba kowa a nan da ya san su sai ita. Ta sa na kwatanta mata gidanmu na bayan Pissy dalla-dalla, ta maimaita har ya zauna mata.

Ta ce da Inna, "Ki kwantar da ranki, yaya. Yaron da ya ƙare mini samsa da sata? Ko da furfura ya zo zan gane shi. Da kunne zan jawo miki shi."

A ranar aka sallame ni daga aikin tsayuwa, ba ko takardar yabo. Muka kashe gawayin, muka ɗora mai masarar a moto, mu uku da kwandon masara, mintsini ta hagu mintsini ta dama. A hanya na ɗaga murya saboda iska na ce wa Inna idon nata fa ya dawo da kuskure, Kawu muke jira ya kawo mana mai masara.

Ta ce, "Yaushe ido ya taɓa faɗin suna? Cewa yake a ƙara shinkafa."

Shinkafar kuwa ta ishe mu daidai. Da la'asar sakaliya baƙuwar ta tsaya a tsakar gida ta yi sallama, Inna ta ɗaukar mata kwando, muka raka ta har bakin titi, muka wuce mangwarona, wanda a ranar, wallahi, ya ɗan ƙara tsawo.